Ranar da Na Kai Ƙarar Mama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar wata tsohuwa wajen Jauro mai gari ba, kuma ko na so mantawa, abokan aikina ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, na samu aiki da wata 'yar ƙungiya a Mubi. Akwai wata fadama a bayan ƙauyen Kwaja inda ruwa ke tsattsafowa daga gindin dutse, a nan ne wani ƙwaro, irin mazari mai jan ciki, ke hayayyafa, an ce kuma ya kusa ƙarewa. 'Ya'yansa a cikin wannan ruwan suke girma, in ruwan ya ɓaci, sun mutu. Aikina shi ne duk sati in hau mashin in je in ɗebi ruwa daga bututu huɗu da aka kafa a ƙasa, in gwada, in rubuta. (A gida kuwa cewa nake ni "mai binciken kimiyya" ne. Mahaifiyata har yau tana gaya wa mutane aikina gadin ƙwaro.)

Wata rana, bayan ruwan sama na kwana biyu, na tsoma takardar gwaji a ruwan bututu na uku, sai ta yi jawur. Ma'ana sinadarin takin zamani ya cika ruwan. Na ɗaga kai, sai ga lambun Mama Rifkatu dab da wurin, albasa da alayyafo sun yi kore shar. Mijinta ya rasu, da lambun nan take ciyar da jikoki uku. Duk wannan na sani. Amma a raina cewa na yi na kama mai laifi.

Na buga wa Madam, shugabata, waya. Ta ce, "Sake gwadawa tukuna, ka duba bututun da kyau." Na ce to. Ban sake ba. Kai tsaye na wuce wajen Jauro, mai garin, na yi masa bayani da Turanci rabi Hausa rabi, har na ba da shawarar a hana noma a wannan gefen fadamar.

Jauro ya sa rana. Aka taru ƙarƙashin tsamiya, manoma, makiyaya, har da fasto da liman. Madam ma ta zo. Ni kuwa na sha farar riga, na ɗaga kwalbar ruwa sama ina ta zuba bayani. (Ina jin na faɗi kalmar "muhalli" ta fi sau ashirin.) Na rufe da cewa, "Kimiyya ba ta ƙarya."

Jauro ya juya ya ce, "Mama, kin ji. Me za ki ce?"

Ta gyara zama, ta ce, "Jauro, ni ban taɓa sayan takin buhu ba. Kashin shanun Ardo nake sawa, ga shi nan zaune, a tambaye shi." Ardo, shugaban makiyayan, ya gyaɗa kai. Sai ta dube ni, murya a ƙasa kamar ba ta son kowa ya ji. "Ɗana, ranar da murfin bututunka ya faɗa cikin taɓo, da me ka toshe bakin?"

Sati biyu kafin nan murfin ya suɓuce mini, na lalube taɓo ban same shi ba, ga hadari ya haɗo. Na tsinci wani tsohon buhu a bakin hanya, na dunƙule, na cusa, na gudu.

Aka ɗunguma zuwa bututun gaba ɗaya. Madam da hannunta ta zaro buhun, ta warware shi a gaban kowa. Buhun takin zamani ne, da sauran farin gari manne a kusurwa. Ruwan sama ya wanke shi tas zuwa cikin bututuna.

Sai Ardo ya yi tari, ya ce, "Lallai kimiyya ba ta ƙarya." Wurin ya fashe da dariya, har liman sai da ya riƙe kafaɗar fasto.

Na durƙusa a taɓon nan da farar rigata, na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi, kana ɓata kaya. Tun ranar na so in gaya maka, sai na ce ƙila haka ake yi a makaranta." Ta kai ni bukkarta ta ba ni kunun gyaɗa, ta wanke wani gwangwanin tumatir ta ce in kifa a bakin bututun kafin a kawo murfi.

Madam ba ta kore ni ba. Ta sa na yashe bututun na kuma sake gwaji sati huɗu a jere, ruwan ya fito lafiya lau. Mazari na nan, lambu na nan.

Tun daga ranar, in takarda ta yi ja, kafin in tambayi wa ya ɓata ruwa, nakan fara tambayar wa ya taɓa bututun a ƙarshe. Yawanci ni ne.