Rasuwar Koriyar Adaka, Ma'ajiyar Kurakuran Ɗalibai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma tana tafasa, don ba zan ɓoye ba, ni Hajiya Hasiya ta Nassarawa GRA nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a ajin 'yata Malama Raudatu, rasuwar adakata, koriyar nan ta ƙarfe mai zanen wata a murfi. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a bayan gida, bayan shekara hamsin da huɗu muna tare.

Cikin lefena ta zo. Ta riƙe zannuwa, ta riƙe kayan goyon yara shida, ba ta taɓa tona mini asiri ba. In ka buɗe ta sai ta ce ƙiiii, kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. In ka rufe, ƙaras, magana ta ƙare.

Aikinta na ƙarshe shi ya fi girma. Shekara goma sha uku ke nan da Raudatu, mai koyar da rubutun Turanci a wata kwaleji, ta roƙe ni aronta. Ta ce littafin da aka ba ta kurakuran yaran wata ƙasa yake gyarawa, ita kuwa yaran Gawuna da Badawa ne a gabanta, kuma inda suke tuntuɓe daban yake. Sai ta fara tara rubutun ɗalibanta, da yardarsu, ta yanke suna, ta bar kowane kuskure yadda mai shi ya yi shi. Ni ba na jin Turanci, bokon ma sai da na haifi huɗu na koya a ajin yaƙi da jahilci. Amma na gane dabarar, don haka nake koya wa jikoki tuƙin tuwo: nasu mai gudajin nake ajiye musu a gaba. Raudatu takan zaro jimla ashirin da aka faɗi a rami guda, ta rubuta a allo, ta koma gefe, har wani ya dafe kai ya gano ramin da kansa. Ni ce mai ɗauri. Kowace shekara da ƙyallen atamfarta, ko a duhu zan iya ciro maka wadda kake so.

Bana ne kwalejin ta yarda a zuba su duka a kwamfuta, sauran malamai su riƙa dubawa. Na shekara biyu kacal aka shigar.

Rashin lafiyar marigayiya kuwa ba daga sama ta faɗo ba, akwai mai hannu, kuma ni na haife shi. Ina Katsina wajen jegon jikata, Raudatu tana Zariya wajen wani kwas, sai babban ɗana Alhaji Yahaya ya ga falona bai yi masa ba. Yana son ya kafa mini talabijin mai faɗin ƙofa, wadda ban roƙa ba. Ya sa aka kai adaka tsohon ɗakin janareta, wanda ko kaza ta san rufinsa na yoyo, a tsakiyar Agusta. Kwana arba'in ruwa yana cin gindinta. Gara ta samu ƙofa.

Ranar Asabar ya ce wa Malam Zubairu, dattijon da ke kula mana da lambu, ya kwashe tarkacen ɗakin nan. Tarkace! Malam Zubairu na ɗaga ta, gindi ya zube, takardu suka watse cikin taɓo. Shi bai yi boko ba, amma ya yi allo. Ya duba ya ga bisimilla a saman takarda, ya ɗaga wata ya ga haka, don yaranmu ba sa fara rubutu sai da ita. Bawan Allah ya yi alwala, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya don kada a taka, ya zuba kananzir, ya tsaya a kansu har suka cinye, ya binne tokar a gindin mangwaro. Ko guda bai bari ba. Ƙaurin ne ya tare ni a ƙofa da na sauka daga mota.

Kowa ya ji: ba ni da faɗa da Malam Zubairu. Abin da aka koya masa ya yi, kuma da ladabi ya yi shi. Tun ranar yake sunkuyar da kai, na ce ya ɗaga. Faɗana da mai digiri biyu ne, wanda ya iya karatu amma ya kasa duƙawa ya karanta takarda ɗaya. Da na tsare shi, wai ai rubuce-rubuce ne masu cike da kurakurai, me za a yi da su, zai kawo mini akwati mai taya daga Dubai. Yahaya, kai ma da kurakuranka na raine ka, ban kai ka ɗakin janareta ba.

Marigayiya ta bar murfi, da kwaɗo da makullinsa, da marayu biyu a kwamfuta. Ta bar ni. Ta kuma bar Raudatu, wadda tun ranar ruwan shayi kawai take kurɓa. Ta rubuta wa kwaleji cewa ta janye, ba za ta sake tara ko warƙa ɗaya ba. Ta ba ni wasiƙar in ba direba. To, tana ƙarƙashin daddumata, kuma yanzu ta ji inda take. Sauran sati uku a koma makaranta, ni kuwa ban mutu ba tukuna.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a binne ta ba, ba kuma za a ba 'yan gwangwan ita ba. Murfin za a rataye a falo, daidai inda talabijin take, ita kuma ta nemi wani bangon.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku daga Juma'a, bayan la'asar. Kada a kawo abinci, muna da shi. Duk wanda Raudatu ta taɓa koyarwa, ko ya zama lauya ko likita, ya tono tsohon rubutunsa na aji, a ƙasan gado yake ko a gidan uwarsa, ya taho da shi. Alhaji Yahaya zai zauna a tabarma bakin ƙofa da kwamfuta a cinya, ya karɓa, ya yi godiya, ya shigar da su ciki da yatsunsa. Malam Zubairu zai ba da ruwa. Na riga na yayyaga atamfa goma sha ɗaya. Akwatin Dubai ya zo, mu ga ko ya iya riƙon amana.

Wanda ya ji kunya ya goge kuskurensa kafin ya taho, ya juya tun daga ƙofa. Ba mu karɓi gaisuwarsa ba.