Bah Kada-a-Taɓa da Gadar Saiwa

Duk wanda ya ce ƙauyenmu bai haifi gwarzo ba, bai san Bah Pynskhem ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar son daji, son da ya sa ya bar dajin tun yana saurayi ya koma birnin Shillong, inda zai fi ganinsa da kyau a hoto. Can ya yi karatu, ya yi tumbi, ya samu kujera a wani kwamitin kare daji. Waɗanda suka shiga ofishinsa sun ce akwai bishiya a tukunya kusa da teburinsa. Ta roba ce, kuma a yaba masa, bai taɓa bari ta bushe ba.

Ranar da ya dawo mana da muƙamin Babban Jami'in Ceton Daji, samari ne suka sauko da shi matakalar dutse a kan kujera, saboda takalminsa sabo ne. Da aka dire shi ya shaƙi iska, ya lumshe ido, ya ce, "Daji ya gane ɗansa." Matsattsaku ma sun gane shi, don kafin ya rufe baki biyu sun shige masa safa.

Gadarmu ya zo ceto. Kakannin Kong Phidalia (a wurinmu Kong ake kiran mace don girmamawa, namiji kuma Bah) ne suka fara ta: suka ja saiwoyin ceɗiya daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, suka yi ta saƙa su har suka zama hanya. Abincinmu kuwa duk a tsallake yake, cikin daji: goro, masoro, ganyen miya, amya. Duk mai wucewa, in ya ga sabuwar saiwa ta sauko tana reto, sai ya kama ta ya cusa cikin saƙar ya yi gaba. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aiki, kamar dai mutum ya gyara hularsa ne.

Haka Kong Phidalia ta yi a gaban idon Bah, da kwandonta a baya. Tsohuwa ce mai jan baki saboda goro, mai kaifin harshe saboda hali. Bah ya dafe ƙirji, ya sa aka tara gari, ya hau dutse.

"Jama'a! Duniya tana kallonku! Na halarci taro a garuruwan da ba za ku iya faɗin sunansu ba, kuma masana sun tabbatar cewa babban maƙiyin halitta shi ne hannun ɗan Adam. Daga yau kada a taɓa! Kada a taka! Kada a jingina!"

Kong ta tofar da goro ta ce, "Bah, ba kai ne ɗan Kong Rilang ba? Ai a kan gadar nan uwarka take goya ka kana zawo. Da ba a taka ta ba da yanzu babu mai yi mana jawabi."

"Kong," in ji shi, "wannan ba maganar kimiyya ba ce."

Daga ranar sunansa ya koma Bah Kada-a-Taɓa. Da ya ji, sai ya ɗauka lambar girma ce.

Aka kafa ƙofar ƙarfe a kowane bakin gadar, aka datse da kwaɗo. Ranar rufewa ya ɗaga makulli sama ya ce, "Domin tarihi ya shaida!" ya wurga shi kogi. Mai hoto ya ce bai kama ba, yana gyara na'ura. Bah ba ya wasa da tarihi. Ya zaro makulli na biyu, wanda aka ajiye saboda ɓacin rana, ya sake ɗaga hannu, ya sake wurgawa. Wannan karon hoton ya fito tsaf.

Tunda mutum ne mai tausayin talaka, sai ya gina mana wata gadar ta katako a ƙasa kaɗan. An sare manyan itatuwa daga dajin da ake ceto don a samu katakon, amma ya bayyana mana cewa sara iri biyu ne, na jahili da na masani. Allon sunansa ya fi kowane katako a gadar faɗi. Ruwan fari na sauka gansakuka ta lulluɓe ta, ta zama santsi zalla. A kanta Kong Phidalia ta zame da kwandon masoron da ta wahalta wa shekara guda, kogi ya kwashe. Bah ya aiko da saƙon jaje, da shawarar ta riƙa sa takalmin da ya dace.

Ita ba masoron ya fi damunta ba. Bayan ƙofar ƙarfe sababbin saiwoyi suna saukowa babu hannun da zai karɓe su, suna miƙewa cikin ruwa a banza. Ciyawa ta hau matakin, abin dafawa ya fara sakwarkwacewa. Kullum da safe sai ta zo ta tsaya tana leƙe, kamar mai duba mara lafiyar da aka hana shiga wurinsa. Ni ma abin ya yi mini ciwo, don a kan gadar nan na koyi tafiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da damina ta kankama, Bah ya kawo manyan baƙi daga birni su ga nasara. Mai gari ya dubi sama ya ce a dakata. Bah ya ce, "Ruwan sama ba ya cikin tsarin taro." Suka tsallaka ta gadar katako, ya tsaya a bakin daji ya buɗe baki.

"Ranku ya daɗe, abin da kuke gani shi ne halitta ta huta da mutum!"

In ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Bai kai tsakiyar jawabi ba sama ta yage. Kogi ya taso ja wur, ya ɗauki gadar katako da allonta da sunan da ke jiki, ya yi kudu da su. Ya rage gada ɗaya, a kulle ta kowane gefe, makullanta biyu suna ƙarƙashin tarihi.

Muka fito da malafunmu na ganye, muka zauna a wannan gaɓar, aka raba goro.

"Ku fasa kwaɗon!" in ji Bah daga can, ruwa na zubo masa ta haɓa.

Kong ta kara hannu a kunne. "Bah, doka ta ce kada a taɓa."

"Na ɗage dokar!"

"Da baki? Mu jahilai ne, sai mun ga hatimi."

"Kong! Babbar yaya! Don darajar uwata!"

"Oho, yau kana da uwa."

Saboda baƙin da ke rawar sanyi aka kawo guduma. Aka fasa na nan, samari suka tsallaka suka fasa na can, aka riƙo baƙi ɗaya bayan ɗaya. Babban Jami'in Ceton Daji shi ya zo ƙarshe, da rarrafe. A tsakiya abin dafawa ya gota, ya kai hannu ya damƙi wata sabuwar saiwa yana kiran sunan uwarsa. Kong, da ta biyo samarin, ta tsuguna kusa da shi.

"Tunda ta shigo hannunka, ɗana, cusa ta nan. Yawwa. Ga wata can gabanka."

Ya cusa. Ya matsa ya cusa wata. Babban maƙiyin halitta, hannun ɗan Adam, yana ta saƙa har bakin gaɓa.

Bayan wani lokaci labari ya iso daga Shillong cewa an karrama shi, a matsayin wanda ya farfaɗo da tsohuwar al'adar saƙa saiwa da hannunsa, cikin ruwan sama. Ba mu yi musu ba. Saiwar farko da ya cusa ma ta kama, ta yi kauri, kuma ita kaɗai ce abin da ya taɓa a dajin nan ya rayu.

Shi ya sa ya aiko wani ma'aikacinsa da sabon allo mai sunansa, da ƙusoshi, a kafa a jikin saiwar. Kong Phidalia ta juya allon gaba da baya, ta yaba kyan rubutun, ta miƙa wa ɗan aiken abinsa.

"Ka gaishe shi," ta ce. "Ka ce masa kada a taɓa."