Sinarariyar Alhaji Sanda

Duk wanda ya ce Funtuwa ba ta da manyan mutane, to bai taɓa haɗuwa da Alhaji Sanda ba. Allah ya yi masa baiwa iri-iri, shi kuma ba ya rowar ambatonsu. Ya daɗe yana sarin masara a Dandume yana lodawa Kudu, har ya tara abin da ya tara. Sai dai masara ba ta ɗaukaka mutum yadda ya kamata, don duk mai fartanya a wannan yanki yana da ita. Alhaji kuwa ba a halicce shi don ya yi kama da kowa ba.

A Jos ya samo maganin damuwarsa. Ya je bikin ɗan abokinsa a ƙarshen sanyi, ya dawo da tukwanen fure cike da bayan mota, an kewaye su da sabon bargo kamar masu jego. Sunan furen sinarariya. Ba zan zalunce shi ba, kyakkyawa ne: ganye faffaɗa, fure a cunkushe a sama, wani shuɗi, wani shunayya, kowanne da farin zobe a tsakiya. Mai sayarwar ya ja wa Alhaji kunne cewa abin yana son sanyi da danshi da haske, amma ba ya shiri da zafin rana ko kaɗan. Alhaji ya ɗauki maganar sanyi, sauran ya bar masa a can. Wanda ya tsufa a harkar hatsi ba ɗan Jos ne zai koya masa shuka ba.

Ba a jima ba aka ga an rubuta "Garkuwan Furanni" a gilashin bayan motarsa. Ba wanda ya naɗa shi, amma kuma ba wanda ya hana shi. Mutanen unguwa, da yake ba su da lokacin dogon suna, suka taƙaita masa zuwa Na-Jos.

Ɗaki ɗaya ne a gidan ke da na'urar sanyaya ɗaki, wato falon matarsa, Hajiya Baturiya. Cikin hikimarsa Alhaji ya gano cewa iskar baranda ta fi amfani ga lafiyar mace. Aka fito da kujerunta waje, aka jera tukwane a ciki. Janareta ya wuni yana ruri don furanni, ita kuma tana firfita da murfin kwano. Wanda ya san Hajiya Baturiya ya san wannan haƙurin nata ba na alheri ba ne.

Baƙi suka fara zuwa kallo. Sai an cire takalmi, sai an rage murya, mai turare kuma ya tsaya a bakin ƙofa. Wani tsohon manomi daga Maska ya zagaya tukwanen tsaf, ya ce, "Alhaji, ana miya da shi ne, ko na magani ne?"

Alhaji ya gyara hula. "Ka ji matsalar mutanenmu! Komai sai ciki. Baba, wannan abincin ido ne. A ƙasashen da suka ci gaba, ba a tambayar mutum rumbunsa, lambunsa ake dubawa. Ni Allah ya aiko in fitar da Funtuwa daga duhun kai."

Tsohon ya yi godiya, ya tafi yana ta mamakin abin da ba a ci, ba a sayarwa, kuma yana shan fetur.

Ana cikin haka ƙungiyar unguwa ta ce za ta zaɓi shugaban kwamitin ƙawata unguwa. Kujerar ba albashi, ba ofis. Amma a duk taro ana kiran sunan mai ita a lasifika, kuma a sahun gaba yake zama. Alhaji ya so wannan kujera kamar ransa, har abinci ya daina yi masa daɗi. Abokin takararsa shi ne maƙwabcinsa na tsallaken titi, Alhaji Yahaya mai goro, wanda abokai suka sa sunansa ba tare da sun tambaye shi ba. Bai taɓa shuka ko albasa ba. Abin da kawai yake da shi wata ƙatuwar darbejiya ce a ƙofar gida, mahaifinsa ya dasa, shi kuma ya gaji yin barci a ƙarƙashinta.

Na-Jos ya nemi a yi taron a ƙofar gidansa, aka amince. Sai ya shiga shiri. Da farko ya sa aka sare mangwaron da ke bakin ƙofa, wai zai tare wa jama'a kallo. Daga nan, ana gobe taro, ya tuna da ilimin da ya gada. Daga Funtuwa har Malumfashi kowa ya san in masara ta sha yuriya sai ta yi kore shar. Ya sa aka farke buhun taki, ya nannaɗe hannun riga, ya bi tukwane yana zuba wa kowacce cikin tafi, shuɗiyar da ya fi so kuma ya ninka mata.

Hajiya ta leƙo daga baranda, ta yi kallo na ɗan lokaci. "Ƙara musu, Alhaji," in ji ta a hankali. "Kada a ce ka yi rowa."

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai da ta fara wayewa. Ya ƙara.

Ranar taro ta faɗo a farkon bazara, lokacin da rana ke fitowa da fushinta tun hantsi. Masu hayar rumfa suka zo, ya sallame su, wai inuwa za ta dusashe launin furanni. Aka jera tukwane a kan tebura a bayansa. Ya fito cikin farar shadda mai ƙarar sitaci, ya karɓi lasifika.

"Jama'ar unguwa, ku buɗe ido ku ga abin da iyayenku ba su gani ba! Wannan sinarariya ce. Ku maimaita, kada ku ji kunya. Wasu suna taƙama da darbejiya. Darbejiya! Bishiyar ƙauye, matattarar awaki da malalata. In kuka ba ni kujerar nan, duk sai na sa an tumɓuke su, in shimfiɗa muku furanni daga nan har tasha."

Jama'a suka zuba ido, amma ba shi suke kallo ba. A bayansa ganyayyaki sun fara yaushi. Gefensu ya soma ƙonewa. Furannin suka rinƙa sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ga bakuna a buɗe, ya tabbata maganarsa ce ke ratsa zukata, sai ya koma ya faro tarihinsa tun daga buhun masararsa na farko.

Rana ta take tsaka. Dattawa suka fara sulalewa da kujerunsu zuwa tsallaken titi, matasa suka bi. Kafin a kira azahar, taron duk ya koma ƙarƙashin bishiyar awaki da malalata, inda mai ita ke ta munshari a kan benci.

"Kuma ga shaida!" in ji Alhaji, ya juya da hannu a miƙe.

Shaidar ta langaɓe a kan tebura kamar dafaffen alayyafo. Na ji tausayinsa a wannan lokacin, wallahi na ji, don da gaske yake son abin nan. Ya yar da lasifika, ya rungumi shuɗiyar tukunyar da ke da sauran numfashi, ya ruga cikin gida. Ya tarar da falo a kulle ta ciki. Na'ura tana ta huci, kujeru sun koma mazauninsu, Hajiya kuma ta yi barcin da ba ta jin bugun ƙofa. Ya fito da gudu wajen mangwaro, ya tarar da kututture.

Inuwa ɗaya ce ta rage a layin. Garkuwan Furanni ya tsallaka titi, tukunya a ƙirji, jar ƙasa na zuba a farar shadda, ya kutsa cikin jama'a yana cewa a matsa, a matsa, a ba ta iska.

Sakataren ƙungiya, Malam Mannir, da ya ga kowa ya hallara wuri ɗaya, sai ya ce a yi zaɓe a huta. Masu son Alhaji Yahaya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi rututu, har aka ta da shi daga barci don a yi masa murna. Masu son Alhaji Sanda fa?

Ko hannu ɗaya bai tashi ba. Alhaji ya duba ƙasa, ba wurin ajiye tukunya, ƙafafun mutane ne ko'ina. Ya yunƙura zai zare hannu ɗaya, tukunyar ta karkata, ya yi wuf ya sake ƙanƙame ta.

Malam Mannir ya duba dama, ya duba hagu, ya ce, "To, jama'a ku shaida. Ko shi mai takarar bai zaɓi kansa ba."