Ranar da na shiga ruwan Timia da rawani

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da taubashina Bashir ya dawo daga Polinezi, ko da kuwa na so in manta, don 'yan fadarmu ba za su bari ba.

Ni shofer ne, wato direba, hamada ce ofishina. A fadarmu ta shan shayi nan Agadas, in na fara labarin Tenere ko Jado, ko mai dafa shayi sai ya bar buta ta ƙone. Shi kuma Bashir maƙerin azurfa ne, ko Ingal bai taɓa wucewa ba. Kwatsam wata Bafaranshiya mai sayen kayansa ta gayyace shi baje koli a wani tsibiri can ƙarshen duniya. Ya tafi, ya dawo, shi ke nan na zama ɗan kallo.

Kullum waya a hannunsa yana nuna hotuna. "Mon frère, wannan shi ne lagon. Ruwa shuɗi, kana hango ƙasansa. Ka sa maski, ka kama tiyo da baki, ka kwanta rub da ciki kana kallon kifi, wani rawaya, wani da zane." Wai da mashi suke kamun kifi, su ci shi ɗanye da ruwan kwakwa da lemun tsami. Wai har maza na saƙala fure a kunne. (Na ce wannan ai abin kunya ne. A zuciyata kuwa, da ni aka kai, biyu zan saƙala.) Wallahi kishi nake, irin mai hana cin tuwo.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Mariyama, wadda zan aura. Ta kalli hotunan ta ce, "Kai, Bashir ya ga duniya!" Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan rairayi ban taɓa jin haka daga bakinta ba. Nan take na ce, "Iyo kuma wani abu ne? Mu da muka saba."

Ban iya ba. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na bokiti.

Da muka je Timia da Bashir gaida mahaifinta, mai garkar lemu da rumman, sai aka ce a kai baƙi su ga tafkin da ruwa ke zubowa daga dutse. Ashe ɗan banzan nan Bashir ya taho da kayansa. Ya miƙo mini maski da tiyo da wasu takalman roba kamar ƙafar kwaɗo, ya ce, "Voilà, gwani. Bismilla."

Ga Mariyama da ƙawayenta a kan dutse. Ga tsohon a zaune a inuwa. Ni kuma na sha sabon rawanina mai shuni, kuma kowa ya sani a can namiji ba ya yaye rawani ya buɗe bakinsa a gaban suruki. To yaya ke nan? Sai dabara ta zo mini (Allah ya raba ku da irinta): na cusa tiyon ta ƙarƙashin amawali, na ɗora maski a kan rawani, na taka kamar agwagwa, na faɗa.

Jama'a, rawani in ya sha ruwa ba rawani ba ne, buhun siminti ne. Ya danne mini kai, ya toshe bakin tiyon, ruwa ya cika maski. Na shaƙa, na kurɓa, na fara shure-shure. Na yi kalmar shahada, na yafe wa kowa ban da Bashir. Na fizge rawanin na jefar, na ɗago kai ina ihu, "Wayyo Allah! Ku cece ni! Inna!"

Sai na ji muryar tsohon, a natse, ko tashi bai yi ba: "Ɗana, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Ga ni kai ba rawani, baki buɗe a gaban suruki, fuska ta rine da shuni, ruwan kewaye da ni ma ya rine. Mariyama ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Bashir ya ɗaga waya yana ɗaukata hoto yana cewa, "Ku duba, ya kawo mana lagon har Timia! Saura fure a kunne!"

Na ɗauka auren ya mutu a tafkin nan. Amma da yamma tsohon ya aiko a gaya mini: wanda ya yarda ya nutse don kada ya buɗe baki a gabansa, ya ba shi 'yarsa, da sharaɗin kada ya koya wa jikokinsa iyo.

Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne, na ji a jikina. Kuma mutum ya riƙa lura da abin da yake roƙo. Ni burina a daina zancen Polinezi a fada a koma nawa, Allah kuma ya amsa. Har yau babu wanda ya sake tambayar Bashir hoton kifi. Nawa ake cewa ya nuna.