Iskar da Ke Cikin Tambulan

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. Wata uku ke nan da fitowata daga makarantar horon malamai, aka tura ni wata 'yar elemantare a wani ƙauye wajen Madadi. Ina da farin wando guda, da agogon da ba ya tafiya sai an girgiza shi, da cikakken imani cewa ni ne mutum na farko da ya kawo ilimi yammacin Kano.

Kaka ce, ana cirar gyaɗa. Duk wanda ya ga zamanin ya san abin da gyaɗa ke yi wa makaranta: yaro mai hannu biyu ya fi amfani a gona. Ajina ya koma benci biyu. Hedimasta, wani dattijo mutumin Kabo da muke kira Malam Babba, ya gaya min ba ɓoye-ɓoye cewa in aka gama ɗinke buhuna yaran ba su dawo ba, za a haɗe ajina da na wani. Ni ne na ƙarshen zuwa, don haka ni ne na farkon tafiya. Na tuna mahaifina a Gwarzo, wanda tun farko bai ga dalilin da mutum zai bar shanu ya je koyon riƙe alli ba. Tunanin in shiga zaurensa da akwati a ka ya hana ni cin tuwo.

Dabarar Malam Babba ita ce ya roƙi dagaci da liman su zo su zauna a aji, su ga abin da ake koya wa yara. In sun gamsu, kalma ɗaya daga bakinsu bayan Juma'a ta isa. Ya ce in yi musu lissafi, tunda kowa na son ɗansa ya iya karanta sikeli. Na ce masa kimiyya zan yi. (Har da ɗan murmushin tausayi na yi masa, Allah Ya yafe min.)

Na tsinto dutse a bayan gari, na cika buta, na ari tambulan na gilashi a gidan hedimasta, na yanko kwalin sukari. Sau tara na gwada abin a bayan aji, sau tara ya yi.

Baƙi suka iso da hantsi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da gona da gajiya, aka sake komawa kan gona. Dagaci ya zauna a kujerata cikin riga mai aska wadda ko shakka babu daga ƙasan adaka ta fito don wannan rana. Liman ya zauna gefensa da carbi.

Farkon darasi ya tafi lafiya. Na ce duk abin da ke duniya iri uku ne. Na ɗaga dutse, na ce wannan daskararre ne, kuma akwai duwatsun da asalinsu narkakku ne kamar ƙarfe a maƙera, suka huce suka sandare. Liman ya gyaɗa kai, ya ce ikon Allah. Na zuba ruwa, na nuna yadda yake ɗaukar siffar duk abin da aka zuba shi. Dagaci ya ce haka ne. Kaina ya fara girma.

“Na uku,” na ce, “ita ce iska. Ba a ganinta, amma yanzu haka tana cikin ɗakin nan. Tana bayan kowannenku. Tana shiga jikin mutum ta hanci bai sani ba. Kuma tana da ƙarfi.”

(Ni iskar littafi nake nufi. Ban tsaya na tuna ba cewa a ƙauyen nan, kai har a gidanmu, in aka ce iska ta shiga jikin mutum, ba littafi ake ɗaukowa ba.)

Aji ya yi tsit. Na ɗauka sha'awa ce. Yaran benci na biyu suka matso jikin na benci na ɗaya. Dagaci ya yi gyaran murya, ya tambaye ni ko daga Kano na zo da ita. Na ce a'a, ranka ya daɗe, da ma tana nan, ni dai na san yadda ake sa ta aiki ne. Malam Babba yana tsaye a taga yana ta yi min alama da hannu. Na fahimci cewa yake yi in hanzarta.

Na cika tambulan taf, na rufe bakinsa da kwali, na kife shi, na janye hannuna a hankali. Ruwa ya tsaya. Na tambayi aji wa ya riƙe shi, da na ga ba mai niyyar amsawa na amsa da kaina: iska.

Wata yarinya ta fara kuka. Carbin liman ya tsaya, leɓunansa suka fara motsi. A nan ne na gane. Zufa ta keto min har cikin farin wando.

Mai hankali zai ajiye tambulan ya ba da haƙuri. Ni kuwa sai na tako zuwa gabansu da shi a kife, don in yi bayani. Na ce iskar da ke kaɗa dawa nake nufi. Na ce ita ke tura kwalin sama. Duk kalmar da na laluba sai ta zo min da Turanci, in maida ta in nemo wata. Liman bai dube ni ba, tambulan yake kallo yana karatu. Dagaci ya ja baya har kujera ta daki bango, ni kuma na ƙara matsowa don ya gani da kyau. A gwajina tara ban taɓa riƙe abin ya wuce ƙirga goma ba. Yanzu an doshi minti uku, kuma ina jin ɗigo ɗaya yana gangarowa a hannuna.

Liman ya kai ƙarshen karatunsa, ya tofa wajen tambulan. Kwali ya faɗi. Ruwan gaba ɗaya ya sauka a cinyar dagaci.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Dagaci ya dubi rigarsa, ya dubi liman.

“Malam, ta fita?”

“Da alama,” in ji liman.

Suka tashi. Malam Babba ya raka su, ya dawo, ya karɓi tambulansa a hannuna, ya duba ko ya tsage, ya wuce da abinsa. Kwana biyu ina naɗe tabarma ina warwarewa.

Ranar Juma'a dagaci ya sanar cewa da an gama gyaɗa kowa ya maido ɗansa makaranta. Hujjarsa ita ce ya gani da idonsa: duk abin da 'yan boko suka ajiye a ɗakin nan, liman ya fi ƙarfinsa.

Bayan mako guda na haɗu da liman a hanyar rijiya. Na durƙusa na soma bayani, ya dakatar da ni. Ya ce ya san iskar da nake nufi, ai da ita zugazugi ke hura wa maƙeri wuta. Amma yara sun tsorata, dagaci ya fi su, kuma duka shi liman suke kallo. Da na ce iskar shaƙa tun farko, da kowa ya huta.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi yadda aka yi ruwan ya zube daidai lokacin da ya tofa.

“Na ga kwalin naka ya jiƙe, ɗana,” ya ce. “Sai na ɗan yi sauri.”

Yara sun dawo, ajina ya cika, sunan Malam Mai Iska kuma ya bi ni har ritaya. Tun daga ranar, kafin in koyar da kowace kalma sai na tambayi yara abin da take nufi a gidansu. In kuma zan kife ruwa, nakan fara duba wanda ke zaune a ƙasa.