Ɓarawon Cikin Littafin Kirsimeti

Mantuwa ta cinye mini abubuwa da yawa, amma har yau ta kasa taɓa wata Kirsimeti da muka yi a Narayi, zamanin ina aikin masaƙa a Kakuri. Lokacin ina neman auren Saratu, malamar makarantar Lahadi a cocinmu. Ubanta, Baba Dogara, dattijon coci ne, ya kuma rantse ba zai ba jahili 'yarsa ba. (Ni kuwa a aji biyu na tsaya, shi ma mangwaron makarantar ne ya riƙe ni.) Shi ya sa kullum akwai biro a aljihun gaban rigata.

Ran bikin yara, Saratu za ta duba tukunyar shinkafa, sai ta miƙo mini wani littafin hotuna na Turanci. "Don Allah ɗan karanta musu kafin in dawo."

Na ce, "Wannan ai ba aiki ba ne."

Na buɗe. Rubutu ya dube ni, na dube shi, muka rabu lafiya. Sai na bi hotuna. Ƙauye ne, ga tumaki, ga gona, ko'ina fari fat. Na ce wa yaran auduga ce ta yi albarka har ta rufe ɗakuna. Suka yarda. Shafi na gaba mutanen gida suna barci, ga wani ƙato mai jar riga da farin gemu, buhu a kafaɗa, yana zura ƙafa ta rufin ɗaki.

To jama'a, a garinmu wanda ya shigo ta rufi da buhu, sunansa ɗaya.

Na ce, "Kun gan shi? Ɓarawo ne. Dubi yadda yake laluben safar da suka shanya." Na ƙara gishiri: ya kwashe kaji, ya kwance akuyar Kirsimeti. Wata yarinya ta fashe da kuka. Na ce, "In kun gan shi, me za ku yi masa?"

"Duka!"

Ashe a shekarar dattawa sun shirya wa yara sabon abu, irin na manyan kantunan cikin gari. (Ba wanda ya gaya mini.) Ƙofa ta buɗe, sai ga jar riga, ga gemun auduga, ga buhu.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Yara suka rufe shi da jifa: takalma, ɓawon lemo, har da sandar kaɗa ganga. Buhu ya yage, alewa da biskit suka watse. Da gemun ya cire, sai ga fuskar Baba Dogara.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki littafin, ya dafa layin farko da yatsa. "Malam, karanto mini nan."

Na ce, "Baba, yau idona ruwa yake yi."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Kafin damina Saratu ta auri wani akawu a Trikania. Ni na kafa musu rumfar biki, ta kuma yi kyau. Abin da na koya dai bai da yawa: ashe ita ƙarya ma sai da ilimi.