Ranar da Aka Kama Ni a Otal da Matata

Ba zan taɓa mantawa da hutun da 'yarmu Godiya ta shirya mana ba, ni da mahaifiyarta, lokacin da aurenmu ya cika shekara talatin. Ko da na so in manta, Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ba za ta bar ni ba.

Godiya a Abuja take aiki, kuma a can ta koyo cewa miji da mata kan bar gidansu lafiya ƙalau, rufi ba ya yoyo, su je su kwana a otal. Ta kama mana ɗaki na kwana biyu a Barnawa, alhali muna zaune a Kamazou. Ta yi ta jera mini ta waya abubuwan da ke kusa da wurin: gidan abincin 'yan Labanan a kan layin, na 'yan Sin a gaba kaɗan, in an haye gada kuma ga lambun bakin kogi da gidan tarihi. Na tuna mata cewa tarihi na koyar har na yi ritaya, babu tukunyar da ke gidan nan da ban san kakanta ba. Ta ce ai ba don ni ta yi ba, don Mama ne.

Gaskiya ta faɗa. Tun matata Saratu tana amarya take son wata rana mu fita mu biyu, mu zauna a kawo mana abinci. Ni kuwa ban taɓa rasa dalili ba. Yau makin jarrabawa, gobe taron dattawa, in duk sun ƙare sai in ce wane abinci ne a Kaduna ya kai tuwonta. (Wannan yabon ya daɗe yana cetona, kuma ban taɓa kashe masa ko sisi ba.)

Damuwata ɗaya ce. A garin nan, magidancin da ke da gida a cikin gari in aka gan shi a ƙofar otal, an gama shari'arsa kafin ya hau bene. Ni ne sakataren ikilisiya. Duk ƙarar da aka kawo gaban dattawa ina wurin, kuma da yawansu da jimla ɗaya suke farawa: an gan shi yana shiga. Saboda haka na zauna na tsara dabara irin ta mai ilimi. Na jawo hula har gira, na ɗauko baƙin tabarau, na sa wata riga da ba a san ni da ita ba. Na ce wa mai keke ya sauke mu a layin baya. Na kuma roƙi Saratu ta ba ni 'yar rata, ni in fara shiga, ita ta biyo.

Ita ma ranar ba Saratun da aka saba gani ba ce. Godiya ta aiko mata da leshi, da gashin kanti har kafaɗa, da wani tabarau mai faɗi. Ta ajiye ɗankwali. Ni kaina da ta fito daga ɗaki sai da na sake kallo, amma hankalina yana kan layin baya.

Da muka sauka daga keke, ta tsaya riƙe da jakarta, ta ce a hankali, "Baban Godiya, kunyata kake ji ne?"

Na yi mata gajeriyar lacca a kan mutunci da bakin mutane, har da misalai. Ta saurara har na gama, ta ce to. Duk mai aure ya san akwai "to" da ba amincewa ba ce. Ni na ji ta, na yi kamar ban ji ba.

Ɗakin kam ba laifi. An naɗe tawul kamar agwagwa an ɗora a kan gado, sanyin na'ura kuma ya tuna mini da Jos. Abu na farko da na yi shi ne jan labule. Saratu ta ce mu je lambun bakin kogi, na ce rana ta yi yawa. Da rana ta yi sanyi na ce hadari na haɗuwa. Abincin dare ma a ɗaki na sa aka kawo. Haka ta cika shekara talatin da aure tana kallon talabijin ɗin da muke da irinsa a gida.

Washegari Asabar, da azahar, ta sa leshinta ta ce ita za ta gidan abincin nan, in ina so in biyo ta, ta ba ni rata. Na bi. Na zaɓi teburin da ke can lungu, bayan wata tukunyar fulawa, na zaunar da ita ta ba ƙofa baya. Aka jera mana cokula masu yatsu kamar za a yi tiyata. Ina cikin nazarin sunayen abincin, waɗanda ko ɗaya bai yi kama da abin da mutum zai ci ya yi godiya ba, sai wayarta ta yi ƙara.

Mama Rifkatu ce, shugabar Zumuntar Mata, aminiyar Saratu tun suna 'yan mata. Shagon atamfarta a kan wannan layin yake. Ni da na tsara komai har da layin baya, wannan kaɗai na manta.

Saratu ta buɗe muryar wayar ta ajiye tsakaninmu. Mama Rifkatu ta fara da tambayar ko tana tsaye ne, in tana tsaye ta zauna. Ta ce jiya ta ga Sakatare yana shiga otal, ya rufe fuska kamar wanda ya saci akuya, wata mata tana binsa a baya. Ta ce ta kwana tana addu'a Allah ya sa idonta ne. Yanzu kuma ga su sun shiga gidan abinci, da idonta.

Na shiga yi wa Saratu alama da hannu biyu ta faɗi gaskiya. Ko kallona ba ta yi ba.

"Kyakkyawa ce?" in ji ta.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, tana da kyau. Ta kuma iya tafiya. Amma gashin na kanti ne."

"Ki shiga ki tsare mini shi, Mama."

Ba ta shigo ita kaɗai ba. Da wasu mata biyu ta zo, duk da zanen zumunta, da alama daga koyon waƙa suke. Tukunyar fulawar ba ta ɓoye ni ba. Mama Rifkatu ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi muni, domin duk gidan abincin ya yi tsit don a ji ta da kyau. Ta kira ni Malam, ta kira ni Sakatare, ta kira ni Baban Godiya, kowane suna tana ajiye shi a kan tebur kamar shaida. Sannan ta juya ga bayan matar da ke zaune.

"Ke kuma baiwar Allah, ban san ki ba, amma bari in gaya miki wadda kike ci wa amana. Shekara talatin tana dafa wa mutumin nan. Ko tsire bai taɓa kai ta ta ci a waje ba. Ko sau ɗaya ba ta kai ƙararsa ba, ni kaɗai take gaya wa. Yau ke ce a kan kujerarta."

Saratu ta juyo a hankali, ta cire tabarau.

"Ci gaba, Mama, ina jin ki."

Na karanta faɗuwar dauloli da dama, na kuma koyar da su, amma ban san yadda abin yake daga ciki ba sai ranar. Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da gefen zane. Wani Alhaji a teburin kusa ya ajiye cokali yana dariya har da share hawaye. Mama Rifkatu ta jawo kujera ta zauna, ta dubi gashin, ta dubi Saratu, ta ce ita dai ba ta janye maganar kyau ba.

Na ɗauka an gama, har na fara murmushin wanda kotu ta wanke. Sai ta dube ni ta ce, "To Malam, tunda matarka ce, me ya sa kake ɓoye ta?"

Na yi shekaru ina amsa tambayoyin yara, har waɗanda ban san amsarsu ba. A wannan kam sai na juya wajen matata neman ceto. Saratu ba ta dariya yanzu, tana gyara cokulan gabanta ne ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙarar da aka kawo ta ƙarya ce, amma shaidar da aka bayar duk gaskiya ce.

Na cire hular, na cire tabarau. Na ce a mayar da mu babban teburin da ke bakin taga, wanda duk mai wucewa a titi zai gani, a kuma ƙara kujeru uku. Ban san sunan abin da muka ci ba har yau. Da muka fito na riƙe hannun Saratu a kan titin Barnawa, rana tsaka, muka tari keke a babban layi muka haye gada. A lambun ta daɗe tana kallon ruwa. A gidan tarihi kuma na yi shiru na bar ta ta karanta allunan da kanta (sau ɗaya kawai na yi gyara, shi ma kuskuren ya yi yawa ne).

Kafin Lahadi ta zagayo labari ya riga mu isa coci. Mata suna gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba. Mazan kuwa har yau wasu ba su yafe mini ba, domin kowace ta koma gida da maganar otal.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka kai matarka otal, ka bi ta ƙofar gaba, ka bar fuskarka a buɗe, in da hali ma ka ba da sanarwa a coci tun ana saura mako. Ɓuya ta masu laifi ce, kuma sun fi ka iyawa.

Har yanzu in za mu fita, Saratu takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sakatare, rata nawa zan ba ka yau?" Ni kuma sai in karɓi jakarta in jira ta kulle gida.